Kafin Ka Ce Rediyon Motarka Ya Mutu

Jama'a, wannan magana ta 'yan'uwanmu direbobi ce, na tashar Kumasi da na Nima da duk inda takardar nan ta iske mutum. Sau da yawa direba yakan ga rediyonsa ya yi shiru, sai ya ciro shi ya nufi Magazin ta Suwame ya sayo wani. Ya ɗaura sabon, shi ma shiru. Ashe rediyon lafiyarsa lau, wuta ce ba ta isa gare shi.

To, a fara daga batir. Batir mai ƙoshi, in inji na kashe, mita za ta nuna bolt 12.6. In an ta da inji sai ta hau wajen 14. In ba ta hau ba, laifin na altaneta ne, watau abin da ya gaji danamo. A duba kan batir kuma. Farin garin nan da ke taruwa a kai yana tare wuta, ruwan zafi da buroshi sun ishe shi.

Sai fis. A nan ne muke da kuka da mutanenmu. Fis ya ƙone, maimakon a nemi dalili, sai a naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba, ko a cusa guntun waya. Haba! Ai fis mai gadi ne, an yi shi don ya mutu a madadin mota. In waya ta goge tana taɓa ƙarfe, kai kuma ka hana fis tsinkewa, wayar ce za ta yi ja ta kama da wuta a bayan sitiyari, ga fasinja cike. Wanda aka cire mai amfiya 10 ne, to, mai 10 za a mayar. In ya sāke ƙonewa nan take, a bi waya a nemo inda ta goge.

Galibin rediyon da ake sayowa a ɗaura wayoyin wutarsa uku ne. Rawaya daga batir take, ba ta rabuwa da wuta, ita ke riƙe masa agogo da tashoshi. Ja sai an murɗa makulli. Baƙa tana ɗaure a jikin ƙarfen mota. In kullum da safe rediyo ya manta tashoshinsa, an musanya ja da rawaya. In an haɗe su biyun a kan batir, rediyo na iya kwana yana shan wuta, da asuba sai turi. Kukan nan kuwa mai kama da na sauro, wanda ke ƙaruwa in an taka totur, yawanci baƙar ce ta yi sako-sako ko ta zauna kan fenti da tsatsa. A kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau. Damina a Asante ba ta raga wa ƙarfe.

Masu manyan motoci su lura: nasu bolt 24 ne, batir biyu a jere. Rediyon ƙaramar mota ba ya jure wannan. Waɗansu sukan ja waya daga batir guda, amma hakan yakan sa ɗaya ya riga ɗan'uwansa lalacewa. Akwai ɗan akwatin da ke rage 24 zuwa 12, shi za a tambaya wurin mai gyaran wutar mota.