Me Zuciyar Mai Iyo Take Faɗa?

Mutanen ƙasar Yauri ba baƙin ruwa ba ne. Tun kaka da kakanni Gungawa da Sarkawa suke zaune a bakin kogin Kwara, suna su, suna tuƙa kwalekwale. Sa'ad da aka gama madatsar Kainji a shekara ta 1968, kogin ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, mutane wajen 44,000 kuwa suka tashi zuwa sababbin garuruwa. Ruwan da ke gaban Yelwa da Ngaski yau ya fi wanda kakanninmu suka sani faɗi. Duk da haka, da zarar lokacin bikin Rigata ya gabato, sai mu ga samari har da yaran makarantunmu suna ta gwajin iyo, kowa yana so a ce shi ne gwani.

Iyo abu ne mai kyau, yana ƙarfafa jiki, wata rana ma yakan ceci rai. Amma akwai abu guda da yawancin masu iyo ba su kula da shi ba, watau bugun zuciyarsu. Baki yakan ce, "Ban gaji ba," domin kunyar abokai. Zuciya kuwa ba ta iya yin wannan ƙarya.

Aikin zuciya

Girman zuciyar mutum bai wuce dunƙulen hannunsa ba, amma takan buga wajen sau 100,000 kowace rana. In babba yana zaune lafiya, takan buga tsakanin 60 da 100 a minti guda, tana tura jini kimanin lita 5. In ya shiga aiki mai ƙarfi, jinin da take turawa yakan ninka sau huɗu ko biyar. Amma tana da iyaka. Masana sukan kimanta iyakar nan ta wurin cire shekarun mutum daga 220. Ashe ke nan saurayi mai shekara 15 iyakarsa wajen 205 ce, mai shekara 40 kuwa wajen 180. Lissafin nan kimantawa ce kawai, gama mutane sun bambanta, amma ya isa ya nuna mana cewa uba da ɗa ba za su yi tsere da ma'auni ɗaya ba.

Abin da masu tsere uku suka koya

A ƙasashen waje akwai wata gasa da ake kira tirayatilon, watau tsere uku a haɗe. Mutum zai yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya yi gudu, ba hutawa. An fara ta a San Diyego ta Amurka a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a shekara ta 2000. A Olamfik ana iyon kilomita ɗaya da rabi, tafiyar keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai kuma mai tsanani da aka fara a Hawayi a 1978, wadda iyonta kaɗai ya kusa kilomita 4.

Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa cikin ruwa ba zai kai ƙarshen gudu ba. Domin wannan 'yan wasan suka rungumi na'urar auna bugun zuciya, wadda kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fitar da irinta marar waya a 1982. Ɗamara ce ake ɗaurawa a ƙirji, tana jin bugun, tana aika lambar zuwa agogon hannu. Daga baya aka yi agogon da ke haska koren haske a fatar hannu, yana ƙirga bugun da kansa.

Sai dai ruwa yakan ba na'urorin nan wahala. Saƙon da yawancin ɗamarun zamani ke aikawa ba ya ratsa ruwa, don haka waɗansu sukan ajiye lissafin, sai mutum ya fito su miƙa wa agogo. Agogon haske kuma, in ruwa ya shiga tsakaninsa da fata, yakan ba da lambar da ba daidai ba. Ga shi kuma mai iyo ba shi da damar duba hannu yana tsakar tsere. Saboda haka amfanin na'urar ya fi yawa a lokacin koyo. A nan ne mutum yake gane yadda jikinsa ke ji sa'ad da zuciya take 130, da yadda yake ji sa'ad da ta kai 170, har ya iya ganewa ba tare da agogo ba.

Sun kuma lura cewa zuciya ba ta kai iyakarta cikin ruwa kamar yadda take kaiwa a tudu. Takan kasa da bugu 10 zuwa 15, gama mai iyo a kwance yake, jini yana komawa zuciya a sauƙaƙe, sanyin ruwa a fuska kuma yana rage saurinta. Watau mai shekara 40 da ya ga 165 cikin ruwa, kada ya ce da saura. Ya riga ya kusa iyaka.

Ga wani abin lura. Likitoci a Amurka sun bincika mutuwa da tsayawar zuciya da suka auku a wannan gasa daga 1985 zuwa 2016, suka sami mutum 135. Daga cikinsu 90 a wajen iyo ne abin ya same su, yawancinsu kuwa maza ne magidanta. An tarar waɗansunsu suna da ciwon zuciya da ba a san da shi ba. Wanda ya gaji a hanya yakan zauna a gindin itace. A tsakiyar ruwa babu gindin itace.

Yatsu biyu da agogo

Ba kowane gida ne zai iya sayen na'urar nan ba, ba kuwa tilas ba ne. Ka ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu daga gindin babban yatsa, ko a gefen maƙogwaro. Kada ka danna da ƙarfi, kada kuma ka yi da babban yatsa, gama shi ma yana da nasa bugun. Wani ya riƙe agogo ko waya a bakin gaɓa. Da fitowarka daga ruwa ka ƙirga na daƙiƙa 10, ka ninka sau 6. In ka sami 20, zuciya tana 120 ke nan. In 25 ne, 150. In 30 ne, 180. A yi ƙirgan nan da nan, domin bugun yakan sauka da sauri.

Bayan minti guda ka sake ƙirgawa. Zuciya mai lafiya takan sauko sosai. In kullum ba ta raguwa da ko 12, ya kamata likita ya duba ka.

Iyaye mata za su iya taimakawa ta wata hanya. Ku ƙirga bugun yaro da safe kafin ya tashi, kwana uku ko huɗu, ku san nasa na kullum. Ranar da ya ƙaru da 10 ko fiye, kada ya shiga ruwa. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗaga bugun tun yaro bai kwanta ba. Haka kuma ƙarancin jini, wanda tsargiya ke kawowa, ga shi kuwa a ruwan tafki ake ɗaukarta. Yaron da ke fitsarin jini asibiti za a kai shi tukuna, mai amosanin jini kuma a nemi shawarar likita kafin a bar shi ya yi tsere.

Ga masu shirin Rigata

Ku fara a hankali. A lokacin hunturu ku jiƙa fuska da ƙirji, ku shiga ruwa da kaɗan kaɗan, gama faɗawa ruwan sanyi farat ɗaya yakan firgita zuciya, numfashi ya sarƙe. Yawancin koyonku ya zama a saurin da in kun tsaya za ku iya magana ba haki. Iyon ƙarfi kuwa ya zama gajere, da hutu a tsakani. Kada kowa ya yi iyo shi kaɗai, in za a yi nisa kwalekwale ya bi. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko zuciya tana tsalle ba bisa ƙa'ida ba, ya fita nan take. Magidanci da ya wuce shekara 40, ko mai hawan jini, ya je a auna shi kafin ya shiga gasa da samari.

Ba mu manta da watan Mayu na 2021 ba, sa'ad da jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙasar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. A irin wannan rana abin da ke taimakon mutum shi ne rigar kariya, da iya natsuwa a kan ruwa har taimako ya iso. Yaron da ya koyi iyo yana sauraron zuciyarsa ya fi iya wannan natsuwa. Malamai da iyaye, mu koya wa yaranmu ƙirgan nan cikin wannan wata. Minti biyar ya isa. Allah ya kiyaye mana su a tudu da cikin ruwa.