Me Ya Sa Tumatirin Hunturu Ya Fi Ja?

Ka taɓa lura cewa tumatirin da ka saya a watan Janairu ja ne wur, miyarsa da kauri, amma na Afrilu sai ka gan shi fatsi-fatsi, kafaɗarsa ruwan ɗorawa? Sau da yawa iri ɗaya ne, daga gona ɗaya ma. Zafi ne ya shiga tsakani.

Jan tumatir daga wani sinadari yake fitowa mai suna laikofin. Ɗan tumatir ya fi haɗa shi idan zafi yana tsakanin digiri 20 zuwa 25. Da zarar ya haura 30 sai aikin ya ja baya, alhali sinadarin da ke ba da launin ɗorawa bai tsaya ba. Kuma ka sani, ɗan da rana ke duka kai tsaye ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi sosai. Shi ya sa noman rani a Kadawa, da ruwan madatsar Tiga, yake yin kyau cikin sanyin hunturu. Shi ya sa kuma tudun Jos, mai tsayin mita 1,200 ko fiye, ke iya fitar da tumatir a lokacin da zafin dare ke kakkaɓe furen na ƙasa-ƙasa.

Sai maganar iri. UC82B, wanda a kasuwa ake ce wa UTC, an ƙirƙiro shi ne a jami'ar Kalifoniya ta Amurka don masana'antar tumatirin gwangwani. Tsokarsa da kauri, ruwansa kaɗan, jikinsa da tauri. Dillalin da zai jera kwanduna a mota zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, taurin nan yake biya wa kuɗi. Iri mai ruwa da laushin fata, ko da ya fi ɗanɗano a salak, kafin ya isa ya zama dagwalo.

Amma fa iri mai kyau ba ya gyara ban-ruwa mara kyau. Manomin da ya tumbatsa wa gona ruwa dab da tsinka zai samu kwando mai nauyi, ba shakka. Sai dai tumatir dama kashi 94 zuwa 95 cikin ɗari ruwa ne, ɗan ragowar nan shi ne zaƙi da tsami da kauri. In ya tsinke, uwargida za ta daɗe tana ƙona gawayi kafin miya ta kama jikinta.