CIKIN DA YA ZAUNA A BAKIN MAHAIFA: BA DOLE A CIRE MAHAIFA BA

'Yan'uwa, cikin kowane ciki 100 da mata sukan ɗauka, 1 ko 2 yakan zauna a wurin da ba nasa ba. Yawanci a bututun da ƙwai yake bi yakan maƙale. Amma akwai wani iri, wanda bai kai 1 cikin 100 na waɗannan ba, watau wanda yakan gangara ya kama a bakin mahaifa. Wurin ba shi da filin da ɗan tayi zai girma, ba shi kuma da ƙarfin matsewa ya tsai da jini.

Alamarsa ita ce zubar jini a farkon watannin ciki, sau da dama ba tare da ciwon mara ba. Shi ya sa akan ɗauka ɓari ne, a gaggauta yin wankin ciki. Nan haɗarin yake, gama da an taɓa wurin sai jini ya ɓalle. A dā, likita ba shi da zaɓi sai ya cire mahaifa domin ceton rai, ko da macen ba ta taɓa haihuwa ba.

Yanzu hoton ciki yakan nuna inda cikin ya zauna tun da wuri. Tun shekarun 1980 kuma likitoci suke amfani da allurar metotireksat, wadda takan tsai da girman cikin har jiki ya shanye shi a hankali. Idan jini ya tsananta, akan sa robar da take da ɗan balan-balan a bakin mahaifa, a hura ta danne wurin, ko a ɗaure jijiyoyin jinin, ko a toshe su. Ta haka mata da dama sun tsira da mahaifarsu, sun kuma haihu daga baya. Amma fa aikin ya fi cin nasara idan cikin bai yi nisa ba.

Bayan allurar, tilas ne a riƙa komawa gwajin jini har alamar ciki ta ɓace sarai, a kuma jira aƙalla wata 3 kafin a nemi wani cikin. Wadda aka taɓa yi mata wankin ciki ko fiɗar haihuwa ta fi shiga haɗarin, saboda haka ta je awo da zarar ta ga ɓatan wata.

Mun san zuciyar mai bi takan damu da batun taɓa ciki. Mu gane cewa ɗan tayin ba zai rayu a wurin ba, jinkiri kuwa ran uwa yake jefawa cikin haɗari. Ma'aurata su nemi bayanin likita da shawarar fastonsu, amma kada su kwana a kai.

Saboda haka mai ciki ta ga jini, kada a tsaya kemis ko jiƙo, kada kuma a yarda da wankin ciki kafin a ɗauki hoto. A nufi babban asibiti mai ajiyar jini. Zumuntar mata ta yi rakiya, mu maza kuma mu miƙa hannu a ɗebi jini. Ubangiji ya kiyaye iyalanmu.