RAHOTON MUSAMMAN: Matatar zare mai lanƙwasa da ke mayar da ruwan masai garau

Tsohuwar hanyar tace ruwan masai da na kwata ta dogara ne a kan jira. Ana tara ruwan a manyan tankuna, ƙwayoyin bakteriya su cinye ƙazantar, sannan a bar laka ta kwanta. Hanyar tana cin fili, kuma duk ranar da lakar ta ƙi kwanciya, da dattinsa ruwan ke gangarawa rafi.

A shekarar 1989 ne Kazuo Yamamoto na Jami'ar Tokyo da abokan aikinsa suka nuna cewa za a iya nutsar da matata a cikin tankin bakteriyar kanta. Matatar dubban zaruruwa ce na roba, kowanne da rami a tsakiyarsa, jikinsa kuma cike da ƙofofin da suka fi kaurin gashin kai ƙanƙanta sau ɗaruruwa. Inji na zuƙo ruwa ta cikin ramin, laka da bakteriya su tsaya a waje.

Babbar matsalar kowace matata ita ce toshewa. Shi ya sa ba a ɗaure zaren tamau, ana barin sa da ɗan sassauci. Injin hura iska na sako kumfa daga ƙasan tankin, zaruruwan su yi ta rangaji suna kakkaɓe lakar da ta manne masu. Lokaci-lokaci ana tura ruwa da baya domin buɗe ƙofofin, a kuma wanke su da sinadarin kulorin.

Birnin Windhoek na Namibiya, wanda tun 1968 ke mayar da gurɓataccen ruwa na sha, ya sanya matatun zare a sabuwar tasharsa ta 2002.

A Abuja, tashar Wupa da ke ƙarƙashin Hukumar Kare Muhalli ta Abuja na karɓar ruwan unguwannin da aka haɗa da manyan bututai. Rukunin gidajen da bututun bai kai ba su ne irin wuraren da wannan matata ta dace da su, domin ƙaramin fili ya ishe ta.

Sai dai zaren ba ya motsi sai iska na hurawa, iskar kuma sai da lantarki. Idan wuta ta daɗe a ɗauke, laka na daskarewa tsakanin zaruruwan. Jami'in da ke duba takardun kwangilar irin wannan aiki na da dalilin neman ganin kuɗin wuta, sinadaran wanki da canjin zare a kasafin kowace shekara tun kafin ya sa hannu. Duk wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.