Tsarabar Salula Daga Ƙetare: Me Ya Sa Wata Ke Kama Rezo, Wata Ta Ƙi?



A watannin baya wani ɗan gwaggona da ke neman abinci a Amurka ya aiko wa mahaifiyarsa salula sabuwa fil a cikin kwalinta, ta hannun wani da ya zo ganin gida. Burinsa shi ne tsohuwa ta riƙa ganin fuskokin jikokinta idan ya kira, domin ta gaji da jin muryarsu kawai. Ranar da wayar ta iso gida ya cika da ƴan taya murna. Aka ciro pus daga tsohuwar wayarta aka sa a sabuwar, sai ta ƙi karɓa. Aka kai ta kasuwa wurin mai gyara, ya ce a kulle take, ya karɓi ladansa ya buɗe ta. Da aka komo gida kira yana shiga yana fita, amma hoto ya ƙi tafiya. Harafin E ne ya kafe a saman fuskar wayar, alhali kuwa wayar jikanyarta, wadda kuɗinta bai kai rabin na wannan ba, tana nuna 4G, ga su zaune a tabarma ɗaya.

Maƙwabta suka ce an cuci yaron, jabu aka sayar masa. Wasu suka ɗora laifin a kan mai gyara. Ita kuwa gwaggo ta yi gum da bakinta don kada ɗanta ya ji babu daɗi. Gaskiyar magana ita ce wayar lafiyarta lau, sai dai an ƙera ta ne domin wata ƙasa dabam. Da yake irin wannan asara tana faɗa wa gidaje da dama, musamman lokacin dawowar alhazai da matafiya, ya kyautu mu san dalilinta.

Salula ƴar'uwar rediyo ce

Duk wanda ya taso yana murɗa akwatin rediyo da asuba don neman sashen Hausa na BBC ko Muryar Amurka ko Muryar Jamus a gajeren zango, ya riga ya san rabin wannan darasi. Ya san cewa rediyon da ke da FM kaɗai ba zai kama tashar gajeren zango ba, komai tsadarsa, komai sabuntar batirinsa. Tashar tana nan tana watsa shirinta, amma akwatin ba shi da kunnen jin ta.

Haka salula take. Ƙaramin rediyo ce mai karɓa da aikawa, tana magana da eriyar da ke bisa dogayen ƙarafan nan na kamfanonin waya. Ana auna igiyoyin da suke magana da su da ma'aunin megahaz, wanda ake taƙaita shi da MHz, wato karkaɗawa miliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Tashoshin FM suna tsakanin 87.5 da 108. Salula kuwa tana aiki can sama, a 700, 800, 900, 1800, 2100, 2600 da sauransu. Kowane kamfani yana da zangunan da hukumar ƙasa ta ba shi lasisi a kansu, kamar yadda ARCEP ke yi a Nijar, kowace waya kuma tana da zangunan da aka gina mata tun daga masana'anta. In na kamfani da na waya sun haɗu, sai magana ta yiwu. In sun saɓa, babu mai gyaran da zai iya haɗa su, domin abin a cikin ƙirar kayan wayar yake.

Yadda aka raba sararin sama

Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wadda ake kira UIT da Faransanci, an kafa ta a shekarar 1865, kuma mazauninta yana birnin Janeba. Ita ce ta kasa duniya gida uku wajen rabon igiyoyin rediyo. Kashi na ɗaya ya haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya da ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat. Kashi na biyu shi ne nahiyar Amurka, kudu da arewa. Kashi na uku ya ƙunshi sauran Asiya da Ostareliya.

Tsarin GSM, wanda aka fara aiki da shi a Finlan a 1991, ya zauna a kan zangon 900 da 1800 a Turai, mu ma a kansu muka karɓe shi lokacin da ya bazu a Nijar da Najeriya daga shekarar 2001. Wannan ne ya sa ɗan kasuwa zai tashi daga Maraɗi ya bi ta Jibiya zuwa Kano, ko daga Gaya ya gangara Kwatano, ko ya nufi Garwa da Njamena, ya canza pus kawai wayarsa ta ci gaba da aiki. Haka nan wayar da aka sayo a Faransa ko Beljiyam ba ta cika ba da wahala ba.

Amurka da Kanada kuwa sun riga sun ba wasu ayyuka waɗancan zanguna, don haka suka ɗora tasu salular a kan 850 da 1900. Bugu da ƙari, wasu manyan kamfanoninsu, irin su Verizon da Sprint, sun daɗe suna aiki da wani tsari dabam mai suna CDMA, wanda wayoyinsa na farko ba su da ko gurbin sa pus. Japan da Koriya ta Kudu ba su taɓa kafa GSM ba sam. Manya daga cikinmu za su tuna yadda a wancan zamani ake kawo waya kyakkyawa daga waɗannan ƙasashe, ta ƙare a hannun yara suna wasa da ita. Daga baya masana'antu suka fara ƙera waya mai zango huɗu, 850 da 900 da 1800 da 1900, sai matsalar kira ta yi sauƙi. Shi ya sa wayar gwaggona take iya kira.

Da 4G ta zo, zanguna suka yawaita

Kira da gajeren saƙo ba su buƙatar hanya mai faɗi, amma hoto mai motsi yana buƙata. Harafin E da muka gani alama ce ta cewa wayar ta koma tsohuwar hanyar 2G, wadda ba ta iya ɗaukar kiran bidiyo. A yankinmu 3G ta fi zama a zangon 2100, wani wuri kuma a 900. Ita kuwa 4G zangunanta sun kai gommai a duniya, har sai da aka ba kowane lamba. A jikin kwali ko a takardar bayanin waya za a ga an jera su kamar haka: B1, B3, B7, B8, B20, B28.

Waɗanda suka fi yawa a Afirka da Turai su ne B3, wato 1800, da B7, wato 2600, da B20, wato 800. A Amurka kuwa an fi aiki da B2, B4, B12, B13, B66 da B71. Manyan wayoyi masu tsada sukan haɗa na nan da na can. Amma matsakaita da masu araha, waɗanda kamfanonin layi na Amurka ke sayarwa da rangwame, sau da yawa na can kaɗai suke ɗauke da su.

Akwai wani tarko da ya kamata a lura da shi. Lamba ɗaya tana iya zama zango biyu. A Amurka B12 da B13 duk 700 ake ce musu, B28 ma 700 ne, amma tsarinsu ya bambanta, wayar da ke jin wancan ba lalle ta ji wannan ba. Don haka lambar da ke bayan harafin B ita ce abin dubawa. Ko a cikin ƙasa ɗaya ma kamfanoni suna bambanta. Lokacin da Glo ya buɗe 4G a Najeriya a 2016 a kan B28 ya ɗora ta, kuma wayoyi da yawa da ke hannun jama'a a lokacin ba su da shi.

Mutanen karkara su ne suka fi buƙatar sanin B20. Ƙa'idar ita ce, igiya mai ƙaramar lamba ta fi tafiya nesa, ta fi kuma ratsa bango, mai babbar lamba kuwa ta fi ɗaukar kaya amma ba ta nisa. Zangon 800 a da na talabijin ne. Bayan yarjejeniyar Janeba ta 2006 kan komawar talabijin tsarin dijital, da taron UIT na 2007, aka buɗe shi ga salula a kashinmu. Kamfanin da ya samu wannan zango da shi yake isar da 4G ƙauyuka masu nisa da eriya. To, wayoyi da yawa da aka ƙera domin kasuwar cikin gida ta Sin ba su da B20. Irinsu sukan yi aiki sumul a tsakiyar Yamai ko Damagaram, amma da an fita bayan gari sai 4G ta ɓace. Wannan bai shafi duk wayar da aka ƙera a Sin ba. Tecno da itel da Infinix, alal misali, na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen, kuma da niyyar kasuwar Afirka ake ƙera waɗanda ake kawo mana.

Kulle dabam, zango dabam

Mutane sukan gwama matsalar zango da wasu matsaloli uku. Ta farko ita ce kullen kamfani. A Amurka da wasu ƙasashe kamfanin layi yakan ba da waya a biya kaɗan-kaɗan, ya kulle ta a kan layinsa. Ana iya buɗe wannan, kuma hanya mafi tsabta ita ce mai wayar ya nemi kamfanin ya buɗe tun tana can. Amma buɗe kulle ba ya ƙara wa waya zangon da ba ta da shi, kamar yadda muka gani a gidan gwaggo.

Ta biyu ita ce kullen yanki, wanda Samsung ya shigo da shi a 2013. Wayar da ke da shi tana son a fara yin kira na kimanin minti 5 da layin yankin da aka sayar da ita kafin ta karɓi na wani yanki. Wanda ya sayo ta a rufe bai taɓa kunna ta a can ba yana iya shan wahala.

Ta uku sabuwa ce. Tun daga iPhone 14 na shekarar 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da gurbin pus, sai layin da ake zubawa cikin wayar ba tare da kati ba, wanda ake kira eSIM. Da iPhone 17 ya fito a 2025, an ƙara wasu ƙasashe a wannan tsari, cikinsu har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Alhajin da zai yi tsaraba a Makka ko Madina, da ɗan kasuwar da ke sari a Dubai, su duba gefen wayar da idonsu, su kuma tabbatar kamfanin layinsu na gida yana ba da eSIM kafin su biya.

Mai fita waje ma abin ya shafe shi. Kamfanin AT&T na Amurka ya rufe 2G a farkon 2017, ya rufe 3G a 2022, Verizon ma ya rufe tasa a ƙarshen 2022. Singafo ta rufe 2G a 2017, Ostareliya ta rufe 3G a 2024. Ƙaramar wayar nan mai maɓallai da ke yi mana hidima a gida tana iya zama kurma a irin waɗannan wurare.

Kafin a biya kuɗi

Matambayi ba ya ɓata. Da farko a je ofishin kamfanin layin da ake amfani da shi a tambayi zangunan 4G da yake aiki da su a garin da wayar za ta zauna, a rubuta su a takarda, a aika wa mai sayowa.

Na biyu, sunan waya bai isa ba, sai an duba lambar samfurinta, domin suna ɗaya yakan fito da ƙira dabam-dabam gwargwadon ƙasa. A wayoyin Samsung lambar tana farawa da SM, kuma wadda ta ƙare da harafin U ta kasuwar Amurka ce. A iPhone lambar tana farawa da harafin A. Da wannan lamba matasan gida za su iya binciko jerin zangunan a intanet cikin ƴan mintoci.

Na uku, in a kasuwar gida ake ciniki, kada a yi cinikin biri a sama. Mai saye ya sa pus ɗinsa a gaban mai shago, ya yi kira, ya buɗe intanet, ya ga 4G ta fito. Ya danna *#06# ya ga lambar IMEI mai alƙaluma 15, ya gwada ta da wadda ke jikin kwali. In wayar ƙauye za ta, a yi sharaɗin mayarwa idan ta ƙi aiki a can.

Ga ƴan'uwanmu masu shagunan waya kuwa, wanda ya san hajarsa ba ta da zangon da mai saye ke buƙata, ko a kulle take, wajibi ne ya bayyana. Wannan aibi ne da ido ba ya gani, kuma ɓoye aibin kaya algus ne, ribar da aka ci ta wannan hanya ba ta da albarka. Dattijon da ya sayar da tunkiyarsa don ya sayi waya amana ya kawo wa mai shago, tun da shi bai san B3 ba balle B20.

Ga ƴaƴanmu da ke ƙetare, niyyarku ta alheri ce, Allah ya saka muku. Sai dai sau da yawa ya fi sauƙi a aiko da kuɗin a sayi wayar a nan, inda za a gwada ta, a kuma san ƙofar da za a koma in ta ba da matsala. Haka ɗan gwaggona ya yi daga ƙarshe. Aka sayo mata matsakaiciyar waya a kasuwar garinsu, aka gwada ta a tsakar gidanta kafin a cika kuɗi. Ran Juma'ar da ta biyo baya ta ga autan jikokinta yana rarrafe, ta riƙa miƙa wa maƙwabta wayar ɗaya bayan ɗaya su ma su gani.

Allah ya tsare mana dukiyarmu daga asara, ya ƙara danƙon zumunci tsakaninmu da namu na nesa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.