An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Idan Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

Wata ranar Laraba, jajiberin kasuwar Maigatari, na shiga wani shagon buga takardu a Gumel domin a fitar mini da wasiƙa. Na tarar da mai shagon ya zuba tagumi gaban kwamfutarsa, irin tsohuwar nan ta tebur mai akwati a kwance. Fuskarta baƙa ƙirin, sai layi biyu na farin rubutu, na ƙarshen yana cewa a danna F1. Yaronsa na tsaye da filas a hannu yana ta zuga shi: "Maigida, fomatin kawai za a yi mata, a huta." A cikin akwatin nan kuwa akwai kundayen binciken ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da aka kwana ana bugawa, kuma babu kwafinsu a ko'ina.

Na ce, "Malam, dakata tukuna. In ka danna F1 ɗin, tana shiga?" Ya ce tana shiga, sai dai agogonta ya koma baya shekara da shekaru, kuma shafukan rajistar jarrabawa sun ƙi buɗewa. Aka aiki yaron wurin mai gyaran agogo, ya dawo da wani batir mai kama da kwabo, aka sa wa kwamfutar. Kafin a kira la'asar injin buga takarda ya ci gaba da kuka.

Abin da yaron bai sani ba, kuma masu shaguna da yawa ba su sani ba, shi ne Windows ba ita ce farkon tashi ba. Da ka danna makunni, wata 'yar manhaja ce ke fara farkawa, wadda ke zaune a kan babban farantin kwamfutar, wato madabod, ba a cikin had-dis ba. Sunanta BIOS. Sunan ya tsufa, tun 1975 Gary Kildall ya yi amfani da shi, kwamfutar IBM ta 1981 kuma ta yaɗa shi a duniya. A sababbin kwamfutoci UEFI ta gaje ta, amma masu gyara har yau BIOS suke cewa. Aikinta kamar na maigadi ne da asuba: ta duba ram, ta duba kibod, ta duba had-dis, ta ga kowa na nan, sannan ta miƙa wa Windows ragama. Fomatin kuwa share had-dis ne da zuba sabuwar Windows. Duk matsalar da ta tsayar da kwamfuta tun tana hannun maigadi, fomatin ba zai taɓa ta ba. Ka yi asarar takardun mutane, gobe da safe rubutun nan ya sake yi maka sallama.

Saboda haka tambayar farko ita ce: a ina ta tsaya?

In ko fanka ba ta motsa ba, maganar wuta ce. A gwada wata waya, a gwada wani soket. Sannan a leƙa bayan akwatin, kusa da inda waya ke shiga. Tsofaffin kwamfutoci da yawa na da wani ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutar Amurka ba ta kai tamu ƙarfi ba, don haka kayan gwanjon da suka fito daga can kan iso a saite a 115, alhali tamu 230 ce. Wanda ya jona ba tare da ya duba ba, zai ji "tas", ya ji ƙauri, akwatin wutar ya tafi. Kuma shi wannan akwatin wuta ba a buɗe shi, ko da an zare waya, domin yana riƙe wuta a cikinsa. Canza shi ake yi.

In fanka na juyawa amma fuska ta ƙi kawo komai, kwamfutar kuma tana ƙarar "fit, fit, fit", to magana take yi. Kowane kamfani da ma'anar ƙararsa, amma a ƙasarmu, inda hunturu ke shigo da ƙura ta kowace kafa, mafi yawan lokaci ram ne ya daina haɗuwa da mazauninsa. A zare waya, a danne makunni na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu, sannan a ɓalle ram ɗin. A goge haƙoransa masu ruwan zinariya da magogin fensir, a hure mazaunin, a mayar har sai an ji ya kama. In guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wadda kuma ke tashi ta yi minti kaɗan ta mutu, musamman a zafin Afrilu da Mayu, a duba fankar da ke kan ƙwaƙwalwarta. Sau da yawa za ka tarar ƙura ta dunƙule a wurin kamar auduga.

Mu dawo kan batirin nan, don shi ne ya fi kowa laifi. Lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, kuma shi ke riƙe agogo da saitin BIOS lokacin da babu wuta. Nan ne abin ya fi shafar mu. Muddin kwamfuta na jone da wuta, ko da a kashe take, ba ta cika jan batirin ba. Da an ɗauke wuta, nauyin ya koma kansa. Ke nan kwamfutar da ke Gagarawa ko Sule Tankarkar, wadda ba ta ganin wuta sai an tada janareta, ta fi ta wani wuri saurin cinye shi. Waɗanda aka kulle a ɗakin ajiyar makaranta shekara biyu ko uku kuwa, ranar da aka fito da su sai a ga duk suna neman F1, a yanke hukuncin sun lalace. Lafiyarsu ƙalau, mantuwa ce kawai ta kama su.

Me ya haɗa agogo da intanet? Kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfutar da ke zaton shekara goma baya ake ciki, in aka nuna mata shaidar bana, sai ta ɗauka ta jabu ce, ta ƙi buɗe ƙofa. Mutum ya yi ta zagin kamfanin waya, ya yi ta sayen data, alhali kwanan wata ne.

Mutuwar batirin na jawo wani abin da ya fi rikita mutane. Saitin BIOS kan koma yadda ya fito daga kamfani. Sai kwamfuta ta fara neman Windows a inda ba ta, a filas ko a faifan CD, ta rubuto cewa ba ta ga abin tashi ba. Ko kuma yadda take magana da had-dis ya canza tsakanin IDE da AHCI, Windows ta fara shigowa sai fuska ta yi shuɗi, ta koma farko. A Windows 7 da XP lambar da kan fito tana ƙarewa da 7B. Wannan shuɗin ya sa an yi wa kwamfutoci fomatin ba adadi, alhali layi ɗaya ne za a mayar yadda yake a cikin BIOS.

To, yaya ake shiga? Da an kunna, kafin tambarin Windows ya bayyana, a riƙa danna maɓallin a kai a kai, ba a danne shi ba. A Dell F2 ne, F12 kuma na zaɓen inda za ta tashi. A HP F10 ne, da F9. A Lenovo ta tebur F1. Waɗanda aka harhaɗa a kasuwa yawanci Delete ne. In an yi ta dannawa shiru, a zargi kibod. Tsohuwar BIOS ba koyaushe take ganin kibod marar waya ba, wani lokaci ma har mai USB, sai an matsar da shi zuwa kafar baya. In akwatin na da zagayayyar kafar nan mai launin shunayya, a nemo tsohon kibod mai irin bakinta, a jona tana kashe. Da tsohuwar zuma ake magani. A kwamfutar UEFI mai Windows 10 kuma, a riƙe Shift a danna Restart, hanyar shiga saitin na cikin zaɓuɓɓukan da za su fito.

Akwai kuma wadda za ka shiga ta tare ka da kalmar sirri, wadda wani ofishi a Turai ya sa kafin a sayar da ita gwanjo. A yawancin na tebur akwai wata 'yar roba a kan madabod da ke haɗa ƙusoshi biyu, a Dell an rubuta PSWD a gefenta. A cire ta, a kunna, a kashe, a mayar, kalmar ta goge. Wannan ga mai kaya ne. Kwamfutar ofis ko ta makaranta, a fara neman izinin mai alhakinta.

Abu ɗaya nake roƙo a bari: sabunta BIOS don kawai an ga bidiyo a YouTube. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, ko janareta ya yi tari, kwamfutar na iya zama ba ta ko da nuna tambari. Garin gyaran gira a rasa ido. In ya zama dole, sai a kan wutar sola ko batirin ajiya da aka tabbatar da shi.

Ba kowace cuta ce ta gida ba. In ka buɗe ka ga ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan madabod sun kumbura ko suna zubar da wani abu ruwan ƙasa, ko had-dis na ƙwanƙwasa kamar agogon bango, wannan sai injiniya, wataƙila ma sai an hau motar Kano. Amma kafin ka ɗora ta a mota, ɗauki hoton rubutun da ta nuna da wayarka, ka ƙirga ƙarar da ta yi. Duk injiniyan da ya ce maka fomatin tun bai kalli hoton ba, ka ce ya fara kwashe maka takardunka, kana tsaye.