Daga Ina Yahudawa Suka Fito?



Akwai wata kalma da takan fita daga bakinmu in ciniki ya ɓaci. Mutum ya ƙi yin ragi, ko ya matsa wa wanda yake bi bashi, sai ka ji an ce wane Bayahude ne. Yawancin masu faɗin haka ba su taɓa ganin Bayahude da idonsu ba. Ɗan'uwana, kafin ka sāke zagin wani da wannan suna, ya kamata ka san masu sunan. Gama Maryamu Bayahudiya ce, Yesu Almasihu kuwa cikinsu aka haife shi, aka yi masa kaciya a rana ta takwas bisa ga al'adarsu.

Mutanen nan suna uku gare su. Littafi Mai Tsarki ya kira Ibrahim Ba'ibrane. Jikansa Yakubu aka ba suna Isra'ila, zuriyarsa suka zama Bani Isra'ila. Yahuza kuwa ɗa na huɗu ne na Yakubu, daga sunansa aka sami Yahudawa, amma wannan suna shi ne auta, sai can baya ya bi jama'ar duka.

To, masana masu tonon kufai, me suka samu a ƙasa? Ba su sami sunan Ibrahim a kan wani dutse na zamaninsa ba. Ni dai wannan bai ba ni mamaki ba. Makiyayi ne mai zama a alfarwa. Je ka nemi inda rugar Fulani ta kwana shekara goma da suka wuce, ka gani ko za ka sami ko da turke.

Amma sunan Isra'ila an same shi. A shekara ta 1896 wani Bature mai suna Flinders Petrie ya tono wani babban dutse a Masar. Fir'auna Merneptah ne ya sa aka rubuta shi wajen shekara 1208 kafin haihuwar Almasihu, yana kirarin yaƙinsa. Cikin waɗanda ya ce ya hallaka har da Isra'ila. Wannan ne rubutu mafi tsufa da ya ambaci sunan, kuma alamar da marubucin ya sa kusa da shi ta jama'a ce, ba ta birni ba. Ka ji fa, ran da aka fara rubuta sunansu, cewa aka yi an gama da su.

Wajen wannan zamani kuma ƙananan ƙauyuka masu yawa suka tashi a tuddan Kan'ana. Tukwanensu sun yi kama da na Kan'aniyawa, harshen Ibraniyanci kuma ɗan'uwan harshen Kan'ana ne na kusa. Sai dai da wuya a sami ƙashin alade a jujinsu, ga shi kuwa ana samunsa a garuruwan Filistiyawa. Saboda haka masana da yawa, irin su Israel Finkelstein, suka ce yawancin Isra'ilawa daga cikin Kan'ana suka taso. Waɗansu suka ce wata ƙungiya ta fito daga Masar da labarin ceton Ubangiji, sauran suka shiga cikinta. Har yanzu suna gardama. Mu masu bi muna riƙe da labarin Fitowa, amma kada maganar gauraya ta tsorata ka, Littafin da kansa bai ɓoye ta ba. Rahab mutuniyar Yariko ce. Rut daga Mowab ta fito, ita ce kuwa kakar mahaifin sarki Dawuda. Shi Dawuda ma waɗansu sun yi shakkar ko an taɓa yinsa, sai a 1993 aka tono dutse a Dan, arewacin ƙasar, mai ambaton gidan Dawuda.

Bayan Sulemanu mulki ya rabu biyu. Na arewa, mai suna Isra'ila, Assuriyawa suka ci shi wajen shekara 722 kafin Almasihu. Na kudu, wato Yahuza, ya daɗe har 586, sa'ad da Nebukadnezzar ya ƙone Urushalima da Haikali, ya kwashe manyan gari zuwa Babila.

A nan nake so ka kasa kunne, kai mazaunin zango, gama ka san zaman baƙunci. An sami allunan yumɓu wajen ɗari biyu daga ƙasar Babila, da yawa cikinsu daga wani ƙauye da ake kira Garin Yahuza. Zangonsu ke nan. Ba wa'azi ne a rubuce ba, lissafin bashi ne, da jinginar gona, da haraji, da rabon gādo. Suna noma, suna ciniki da harshen masu ƙasa, amma da yawa suna sa wa 'ya'yansu suna mai ɗauke da sunan Ubangiji. Ba sarki, ba Haikali, ba wurin hadaya. Me ya rage musu? Asabar, da kaciya, da abincin da aka halatta, da littattafai. Masana da yawa sun ce addinin Yahudanci yadda aka san shi, na karatu da kiyaye Attaura, a wannan zamani da na bayansa ya kafu sosai.

A 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya ba su izinin komawa. Waɗansu suka koma, waɗansu suka zauna, gama gida da gona sun riƙe su. Aka gama sabon Haikali wajen 516. Lardin a ƙarƙashin Farisawa sunansa Yehud, mutanensa Yahudawa, sunan kuma ya bi 'yan'uwansu duk inda suke. Daga baya Ezra magatakarda ya zo daga Babila, ya karanta wa jama'a Attaura a dandali tun da safe har tsakar rana, suna tsaye suna kuka.

Wanda yake da Littafi, ya karanta Irmiya sura 29 da Nehemiya sura 8 kafin mako mai zuwa. Wanda bai iya karatu ba, ya nemi wanda zai karanta masa. Ubangiji ya kiyaye ku.